Sankara Ba Ta Zuwa Ƙauye

Duk shekarun da na yi ina malamin asibiti a Goronyo, zamanin Turawa, ban taɓa ganin sankara ba. Haka littafina ya ce, kuma da hannuna na rubuta shi. Kowane ƙarshen wata akan aiko mini da doguwar takarda daga birni, an jera cututtuka daga sama har ƙasa, ni kuma in cika yawan waɗanda suka zo mini da kowace. Gyambo da kurkunu da ciwon ido sukan cika gidajensu har su nemi aron na maƙwabta. In na iso layin sankara, wadda yaran yanzu suka fi sani da ciwon daji, sai in rubuta "babu", in hura tawada ta bushe. Abokan aikina na Wurno da na Rabah su ma "babu" suke rubutawa. Mu uku muka taru muka kori sankara daga gabashin Sakkwato da bakin alƙalami, ba mu ɓata ko ƙwayar magani ɗaya ba.

Ba ƙarya nake yi ba, kada a ɗauki alhakina. Asibitin nawa ɗaki ɗaya ne da rumfa a bakin hanyar kasuwa. Kayan aikina gishirin wankin ciki, man gyambo, kinin, da allurai biyu da nake dafawa a tukunya. To, a wajenmu kowa ya san sankara ba ta son ƙarfe. An ce da zarar allura ko aska ta taɓa ta, sai ta fusata ta bazu. Ni kuwa mai allura ne. Wa zai kawo wa mai allura ciwon da ba ya son allura? Mai ita yakan fara da mai saiwoyi, ya koma wajen malam a yi masa rubutu, ya ɗaure wurin da tsumma ya saki riga a kai. Ko sunanta ba a faɗa, sai dai a ce "abin nan". Sai ranar da dabara ta ƙare za a ɗora shi a kan raƙumi, ko a bayan motar albasa in an dace da ita, a nufi birni. Ta gaban rumfata suke wucewa. In miƙe in ce Allah shi sawwaƙe, su ce amin, in koma in zauna. Takardar ƙarshen wata ba ta da layin waɗanda suka wuce ta ƙofa.

Likitan da ke zagayen gundumominmu Bature ne dogo, mai yawan gumi, mai son aikinsa tsakani da Allah. Ba zan ci amanarsa ba: ya raba mutanenmu da gwaiwa, ya hana ƙafafu da yawa ruɓewa. Hausarsa ta littafi ce, irin ta Kano, "me" yake cewa ba "mi" ba, har tsofaffi suna tausaya masa, wai bawan Allah bai sami malamin kirki ba. Rauninsa ɗaya ne, taswira. Yana da wata babba da ya manna a jikin allo, yana yawo da ita a bayan mota, kuma ba ya bari direba ya taɓa ta.

Wata rana da rani ya jingina ta a jikin bangon ɗakina ya kira ni. An soka mata ƙananan allurai masu jan kai.

"Malam, duba nan," ya ce. "Kowace allura mutum ɗaya ce, mai sankara, wanda aka kwantar a asibitin birni. Inda littafi ya ce gidansa yake, nan nake sokawa."

Na duba. Birni ya cika da ja, musamman wajen Ƙofar Rini, inda alluran suka cunkushe kamar bayan bushiya. Ɓangarenmu kuwa, tun daga Rabah, a bi ta Wurno har Goronyo, fari fat.

"Me ya sa?" ya tambaye ni.

Na ce Allah ne ya tsare. Ya ce i, Allah, amma da me? Na gane ba amsata yake nema ba, da tasa ya zo. Mutanen birni, in ji shi, suna shan shayi da sukari, suna zama a zaure daga safe har yamma, suna shaƙar numfashin juna. Mutanen ƙauye kuwa suna noma, suna shan fura, suna cin albasa. A kan albasa ya fi tsayawa. Ya ce yana so in kai shi ya ga tsohon manomin albasa da idonsa. Ni da neman suna, na ce ai ga mahaifina.

Mahaifina manomin albasa ne a fadamar Kagara. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa duban tsakar idona ba. In yana da magana da ni sai ya faɗa wa wanda ke kusa, in babu kowa ya faɗa wa bango. "A hwaɗa wa wanga," haka yake farawa. Wanga, shi ne sunana a bakinsa. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ɗauka ƙiyayya ce. Kunyar ɗan fari ce kawai. Lokacin da aka ɗauke ni makarantar boko, kwana uku ya yi bai ci abinci ba, kuma a bakin Baffa, ƙanensa, na ji wannan, ba a bakinsa ba.

Muka same shi a gindin jigo, tsaye cikin ruwa har gwiwa, yana ɗebo ruwa da guga yana juyewa a kwamin albasa. Likita ya zagaya shi, ya matsa damtsensa, ya leƙa haƙoransa kamar mai sayen doki, ya tambaye shi abin da yake ci. Mahaifina ba zai amsa ta bakina ba, don haka ya juya ga Baffa.

"Hwaɗa wa wanga shi hwaɗa wa Nasara, hura da albasa, sai tuwo in an samu."

Baffa ya faɗa mini, ni na faɗa wa likita, likita ya rubuta, alhali dukanmu huɗu muna tsaye wuri ɗaya kuma kowa ya ji tun da farko. Ya ɗauki hotonsa riƙe da igiyar jigo. Da aka wanke hoton, ya manna shi a kan taswira, daidai farin filin nan namu, tunda akwai wuri. Mahaifina ya sa aka kai wa likita buhun albasa a mota. Daga ranar likita ya shiga cin ɗanyar albasa kowace safiya, har ya zama in yana yi mini bayani sai na ɗan karkata kai. Ni kuwa na yi wata guda ina taƙama. Ubana ne shaidar lafiyar ƙasarmu, yana manne a allon Bature.

Bayan damina aka kira ni birni ɗaukar magani. Ina jiran a buɗe sito sai na ce bari in leƙa ɗakin maza in yi sannu. Gado na uku na tarar da wani mutumin Kagara mai saƙar tabarma, wanda na yi wa Allah shi sawwaƙe wata biyu baya yana kan raƙumi. Wuyansa ya kumbura har ya tura haɓarsa gefe. Muka gaisa. Na ɗaga ido ga katin da ke rataye a kan gadonsa, sai na ga an rubuta garinsa Ƙofar Rini, birni. Na ɗauka kuskuren akawu ne. Na matsa gado na gaba, mutumin Lahodu ne, da jin maganarsa ba sai an faɗa ba, shi ma Ƙofar Rini. Wani daga ƙasar Rabah, shi ma an ba shi unguwa a birni. Na bi ɗakin nan kaf, ban sami baƙauye ko ɗaya a rubuce ba, ga su kuwa kwance da kaushin ƙafarsu.

Masaukina a birni gidan fatoman mahaifina ne, wato mai saukar da fataken albasa, ya ba su wurin kwana ya sayar musu da kaya. Tun ba a haife ni ba mutanenmu a gidansa suke sauka, kuma gidan a Ƙofar Rini yake. Da na koma na tambaye shi. Ya dube ni yadda ake duban wanda ya tambayi ko gishiri na da zaƙi.

"Malam, kai ɗan boko na, amma ba ka san duniya ba. In mutum yam mutu asibiti, littahi aka dubawa. Inda anka rubuta, can aka aika masinja. In an rubuta gidan ga, kahin la'asar mun yi mai wanka, mun yi mai salla, mun kai shi. In an rubuta Kagara, sai takarda ta tahi ohis, ta tahi ga hakimi, ta tahi ga mai gari. Kwana nawa ke nan? Gawa na jiran takarda? 'Yan gidan yari aka ba, su gina rami su tura, ba wanka ba salla."

Na tambaye shi ko ya taɓa ganin an yi wa wani haka.

"Wa za shi yarda a gwada da nashi?" ya ce.

Har yau ban san ko gaskiya ne zancen 'yan gidan yarin nan ba. Tun da ba a taɓa rubuta baƙauye ba, ba a taɓa gani ba. Amma kowa ya yi imani da shi, daga Rabah har iyakar Goronyo, kuma duk wanda zai tafi asibiti akan ja masa kunne tun daga gida: in an tambaye ka gari, ka faɗi gidan fatoma. Baƙo na mai masaukinsa ne, da rai ko ba rai.

Fatoman ma yana da nasa kukan. "Wata ukku ke nan duba-gari sun hana mu sakat," ya ce. "Wai likita ya ce akwai cuta unguwag ga. Sun kihe muna randuna, sun leƙa rijiya, sun leƙa masai. Mi munka yi musu?" Ni kuwa na san abin da suka yi: sun yi wa baƙi karamci.

Da likita ya zo rangadi na farkon rani na zayyana masa komai. Na ɗauka zai rungume ni. Ya saurara har ƙarshe, ya ɓata rai kamar wanda akuya ta shiga wa sabuwar shuka. Ya daɗe yana duban hoton mahaifina.

"Wannan labari ne, Malam," ya ce. "Ni littafi nake bi. Zan tafi hutu ƙasarmu. Kafin in dawo, ka sa a kwantar da mutum ɗaya, ɗaya tak, mai sankara, da sunan garinsa na gaskiya. In na ga Goronyo ko Kagara a littafi, zan soka allura a ƙasarku. In na soka, motar asibiti za ta riƙa zuwa nan duk wata."

Motar nan ba ƙaramin abu ba ce. Guda ɗaya ce a duk lardin, tana zagayawa tana kwaso waɗanda ke bukatar aikin wuƙa, kuma likita yana tura ta ne inda taswira ta nuna ana bukata. Mu taswira ta ce lafiyarmu ƙalau, don haka ba mu taɓa ganin ƙurarta ba. Tafiyar kwana uku a kan raƙumi, ita rabin yini take yi. Da tana zuwa, da wasu sun tafi tun abin yana kamar ƙwallon goriba, ana iya cirewa. Na ce wa likita ya ɗauka an gama. Mutum ɗaya, ai ba wuya.

Ashe da wuya. Na bi gida gida inda na san akwai "abin nan". Wasu suka ce ba su san zancen da nake yi ba, lafiyarsu lau, ga wari kuwa ya cika zaure. Wani magidanci da matarsa ke da shi a nono ya saurare ni da ladabi, ya ba ni ruwa, sannan ya ce, "Malam, kai mota kaka so. Ni so nikai in ta cika a ruhe ta awa Musulma." Na kawo masa hujja, na kawo masa lissafin kwanaki, ya ce Allah shi saka da alheri, ya raka ni ƙofa.

Raina ya ɓaci, ni kuma a lokacin in raina ya ɓaci bakina ba ya da linzami. Ran kasuwar Goronyo na tsaya a rumfar masu albasa, a gaban manya da yara, na ce ba sankara ke kashe mu ba, jahilci ne. Na ce muna hana rayayyu mota saboda gawa. Na ce da nawa ne, ko uwata ko ubana, gaskiya zan sa a rubuta, kowa ya gani. Na faɗa da ƙarfi, na maimaita don na baya su ji. Wani tsoho ya ci gaba da ware albasarsa, manya gefe ƙanana gefe. Baki shi ke yanka wuya.

Ba a yi kasuwa uku ba Baffa ya zo asibitina da hantsi. Ya jira har na sallami masu gyambo, ya zauna bakin rumfa yana wasa da sandarsa a ƙasa.

"Malam, yayana ba shi lahiya."

"Tun yaushe, Baffa?"

"Tun kahin Nasara shi ɗauke shi hoto."

Ya ce jini ne a fitsari. Wannan kam duk wanda ya girma cikin ruwan fadama yana da shi, tsargiya ce, ba ma a lissafa ta cikin cuta. Amma yanzu gudaji ke fita, ga wani abu mai tauri a mara, ga rama. Sati biyu ke nan bai sauka fadama ba. An yi saiwa, an yi rubutu.

"Don mi ba a hwaɗa mini ba?"

"Shi yah hana. Ya ce ƙaƙa za shi kwance wando gaban ɗan hwari."

Na ji haushi, na ji kunya, sannan tsoro ya zo ya kore su duka. Shekara guda ina zuwa gaishe shi duk Juma'a, ina durƙusawa a bakin ƙofa kaina a ƙasa kamar yadda aka koya mini, shi yana amsa wa bango. Ban taɓa ɗaga ido na ga yadda rigarsa ta yi masa yawa ba. Malamin asibitin gunduma guda, ladabi ya hana shi ganin ciwon ubansa.

Na nemi izinin kwana uku aka ba ni. Muka sami motar albasa mai zuwa birni, muka shimfiɗa masa tabarma a kan buhuna, Baffa a wajen kansa, ni a wajen ƙafafu. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya runtse ido. A Wurno direba ya tsaya zuba ruwa, daidai gaban asibitin abokin aikina. Abokin nawa ya fito, ya leƙa, ya gaishe ni, ya ce Allah shi sawwaƙe, ya koma rumfarsa ya zauna. Na san abin da zai rubuta a ƙarshen wata.

Tun daga Goronyo nake nanata kalma ɗaya a zuciyata: Kagara. Na ce wa kaina Allah ne ya kawo mutum ɗayan nan har cikin gidanmu, don a ga ko ni ɗan halak ne. Na tuna matar magidancin nan. Na tuna mai tabarma, wanda ya riga ya rasu a matsayin mutumin birni. Kagara. Baƙaƙe kaɗan ne, ko yaro ya iya faɗa.

Fatoma ya tarye mu, ya raka mu asibiti. Likitanmu yana hutu, wani ne ya duba shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma duk da haka ni a waje na tsaya, Baffa ya shiga da shi. Da suka fito likitan ya kira ni gefe, tunda ya ga kakin aiki a jikina. Ya ce sankara ce a mafitsara, ta yi nisa, wuƙa ba za ta yi amfani ba. Za su kwantar da shi su rage masa zafi. Na tambayi kwana nawa. Ya ce shi ba Allah ba ne, amma kada in yi nisa.

Nisa kuwa dole in yi. Izinina kwana uku ne, biyu sun tafi. Baffa ma ba zai zauna ba, albasar gida biyu tana jiran ruwa, in ta yi sati ba jigo abincin shekara ya tafi. Fatoma ne zai riƙa kawo masa kunu safe da yamma.

Wanda za a kwantar sai an shigar da shi babban littafi. Muka je teburin akawu. Mahaifina ya zauna a benci ya jingina da bango, mu uku muna tsaye. Akawu ya rubuta suna, ya ƙiyasta shekaru da ido, ya tsoma alƙalami a tawada.

"Gari ko unguwa?"

Fatoma ya buɗe baki, don ya saba, shekara da shekaru shi ke amsa wannan tambaya. Mahaifina ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya juya ga Baffa.

"Ku bar wanga shi hwaɗi. Shi ad da ilimi. Na ji abin da yac ce kasuwa." Ya numfasa. "Hwaɗa mai, in mota za ta zo ma mutane, a rubuta Kagara. Gawa ba ta san wanda yag gina mata ba."

Baffa bai maimaita mini ba, karo na farko ke nan. Ya sunkuyar da kai kawai.

Da ma ya roƙe ni in rufa masa asiri, da na sami abin yin gardama da shi. Sai ya ba ni abin da na tsaya a kasuwa ina nema, a gaban shaidu, ba ko sharaɗi. Akawu yana jira, tawada tana taruwa a bakin alƙalami. Na dubi ƙafafun mahaifina, don nan idona ya saba tsayawa. Duk faso, farcen babban yatsa ya tsage tun ina yaro. Sai na ga ƙafafun nan a hannun 'yan gidan yari biyu da ba su san shi ba, suna sauri su gama kafin rana ta yi zafi. Ban taɓa ganin an yi haka ba. Ba wanda ya taɓa gani. Na san wannan sarai, ni ne na fi kowa faɗa.

"Ƙofar Rini," na ce. "Gidan fatoman albasa."

Akawu ya rubuta, ya danna takardar shan tawada a kai. Wanzami ba ya son jarfa.

Mahaifina ya bi littafin da ido. Can ya ce wa Baffa, "Ka ga ɗan boko. Ya hana mutane mota." Muryarsa ba ta nuna komai ba. Amma kafaɗunsa sun sauka, irin na wanda ya sauke kaya daga ka. Da za a shiga da shi ɗaki ya dafa kafaɗata ya miƙe, alhali ta Baffa ta fi kusa. Bai dube ni ba. Wannan dafawa ita ce sallamarmu.

Bayan kamar wata guda wani direban motar albasa ya tsaya gaban rumfata ya yi mini gaisuwa. Ya ce da hantsi mahaifina ya cika, masinja ya je gidan fatoma, kafin la'asar an yi masa wanka, an yi masa salla, fataken albasa sun cika sahu uku, an kai shi. Komai ya tafi yadda ake so. Na shiga ɗakin magani na rufe ƙofa na yi kuka, ina jin daɗi ina jin kunyar jin daɗin.

A kasuwa ba wanda ya tuna mini abin da na faɗa. Sun zo gaisuwa, sun zauna, sun yi addu'a. Magidancin nan mai mata ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce, "Mun ji an ruhe shi da mutunci, Malam." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Likita ya dawo daga hutu bayan an kwashe albasa, ya ƙara ƙiba, da taswirarsa a bayan mota. Ya jingina ta a bangon ɗakina kamar kullum. Ya riga ya bi littafin asibiti ya soka sababbin allurai.

"To, Malam, ina mutum ɗaya?"

"Ban samu ba."

Ya yi murmushin wanda ya ci gardama amma ba ya son ya nuna. Ya ce ba komai, ra'ayina mai kyau ne, sai dai littafi ba ya ƙarya. Motar za ta ci gaba da zuwa inda take zuwa. Sannan ya tambayi tsohonsa mai albasa.

Na ce ya rasu. Ya cire hularsa, ya yi mini gaisuwa da Hausarsa ta Kano, kuma na ga abin ya taɓa shi da gaske. Ya tambayi a ina. Na ce a birni, ya yi wata guda can.

Ya girgiza kai a hankali. "Ka gani, Malam? Birni. Da ya zauna gida."

Ban gyara masa ba. In na gyara, zai tambayi abin da aka rubuta a littafi, sannan ya tambayi wanda ya faɗa.

Baffa ya iso da jaki ɗauke da buhun albasa, ya ce yayansa ya bar wasiyya kada a yanke wa Nasara rabonsa. Likita ya tafi ya ga an sa a mota, ya bar ni da taswira. Na matsa kusa. A cikin cunkoson Ƙofar Rini akwai sababbin allurai da jansu bai dushe ba, ban san wacce ce tasa ba. Hotonsa yana nan inda yake, a tsakiyar farin filinmu, riƙe da igiyar jigo, ƙirji a waje. Na auna da yatsa. Tsakaninsa da allurarsa tafiyar kwana uku ce a kan raƙumi.

Sati biyu bayan haka aka wuce da matar magidancin nan ta gaban rumfata, an ɗaure ta a siddin raƙumi da rawani don kada ta faɗo, mijinta yana jan akala. Na miƙe na ce Allah shi sawwaƙe, ya ce amin. Da wata ya ƙare takarda ta zo. Na cika gyambo, na cika kurkunu, na cika ciwon ido. Da na iso layin sankara na rubuta "babu", na hura tawada ta bushe.